Tsohuwar kyanwa mai ciwon ƙoda ta ƙi abincin da likita ya rubuta, ya zan yi?

Maman Toka:
Assalamu alaikum. Sati uku ke nan da na ɗauko wata kyanwa daga hannun maƙwabciyata, wadda jiki ya yi wa nauyi har 'ya'yanta suka zo suka tafi da ita, kuma inda suka kai ta ba a yarda da dabba ba. Shekarar kyanwar 14, haka katin rigakafinta ya nuna. Toka muke kiranta saboda launinta. Ban taɓa riƙon mage ba, tausayi ne ya ja ni.

Tun ranar farko na lura ba ta rabuwa da kwanon ruwa, fitsari kuwa kamar an buɗe famfo. In na shafa bayanta sai in ji ƙasusuwan gadon baya ɗaya bayan ɗaya a tafin hannuna. Likitan dabbobi ya ɗebi jini da fitsari, ya ce ciwon ƙoda ne, mataki na biyu cikin huɗu, ba ya warkewa amma ana rage masa gudu. Nauyinta kilo 3.1. Ya rubuta abinci na musamman mai ƙarancin sinadarin fosfaras, da ƙwayar hawan jini guda a rana.

To, ta ƙi abincin ƙememe. Sai ta zo ta sunsuna, ta yi ta lasar baki, ta harare ni kamar na zage ta, ta juya. Yau kwana biyu rabonta da cin abin kirki. Ƙanena ya ce in ƙyale ta, yunwa za ta koya mata hankali. In daure? Sannan tana ɗingishi in ta tashi daga barci, ta ma daina hawa kujera. Zan iya gutsura mata rubu'in farasitamol?

Anti Mai Kuliya:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, don Allah kar ki kuskura. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ba zancen yawa ko kaɗan ba ne. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, sai ya lalata jini ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Ƙwaya guda tana kashewa. Ibuprofen kuma ƙodar ce zai ƙarasa. Ɗingishin nan ya yi kama da ciwon gaɓɓai na tsufa, akwai maganinsa, amma likitan da ya ga sakamakon jininta ne zai zaɓa.

Shawarar ƙaninki ma ki ajiye ta. Kyanwa in ta yi 'yan kwanaki ba ci, kitsen jikinta yakan taru a hanta har hantar ta gaza, ki shiga ciwo biyu maimakon ɗaya. Yau ɗin nan ki ba ta abincin da ta saba ci a gidan tsohuwar, gobe da safe ki kira likita.

Kawu Mai Muzuru:
Abin da Anti ta faɗa haka yake. Ni na yi jinyar muzuruna shekara uku da wannan ciwon, kuma kuskuren da kika yi shi na yi: na kwashe tsohon abinci rana ɗaya na ajiye sabo. Tsohuwar mage ta fi tsohon mutum taurin kai. Kuma ki tuna, a sati uku ta rasa mai ita, ta rasa ɗakin da ta sani, ƙanshin hannun da ke zuba mata abinci ya canja, yanzu ga abincin ma ya canja.

Lasar bakin nan da kika ce, tashin zuciya ne, 'yata. Dattin da ƙoda ta kasa tacewa shi ke yawo a jini yana tayar mata da zuciya. Tana jin yunwa, shi ya sa take zuwa, in ƙanshi ya buge ta sai ta ji amai. In kika matsa mata da sabon abinci a wannan halin, za ta haɗa shi da amai a ranta, ta tsane shi har abada. Ki nemi likita ya ba ta maganin tashin zuciya tukuna.

Bayan ta dawo ci, sai ki fara da cokalin shayi guda na sabon a gefen tsohon, ba a cakuɗe ba. Ni sai da na yi kusan wata guda kafin nawa ya koma gaba ɗaya. Na gwangwani ya fi busasshe, don kusan kashi 80 cikin ɗari nasa ruwa ne, busasshen kuwa bai wuce kashi 10 ba. Ki ɗan ɗumama shi, hancin tsohuwa ya yi rauni. Faranti mai faɗi, ki ɗora a kan littafi mai kauri don kada ta sunkuya da yawa.

Daga baya sai da aka koya mini ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata. Ranar farko hannuna rawa yake. Ka ɗaga fatar tsakanin kafaɗu kamar tanti, ka soka allura, ruwan ya taru ya yi ƙullutu kamar ƙwai, zuwa yamma ya gangaro wajen ƙafar gaba, ya ɓace. Shi ko a jikinsa, ni ne ke gumi. Taki mai yiwuwa ba ta kai nan ba, kar ki fara sai an ce.

Ɗan Takaice:
Allah ya ba da lada. Amma gaskiya, shekara 14 fa? A lissafin da ake yi ta kai ɗan Adam mai shekara 72. Ba wahalar da ita za a yi ba?

Anti Mai Kuliya:
Tambayarka a kan hanya take, ɗan'uwa, sai dai mataki na biyu da sauran tafiya, da yawa suna yin shekaru a kansa. Ranar da ta daina ci duk da magani, ta daina gyara gashinta, ta koma ɓuya, sai a zauna da likita a yi wata maganar.

Maman Toka, na manta: ƙwayar hawan jinin nan kar ki tsallake ko kwana ɗaya. Hawan jini yana makantar da kyanwa farat ɗaya. Ki naɗe ta a tawul, kai kaɗai a waje, ki saka ƙwayar can ƙarshen harshe, ki bi da ɗan ruwa a sirinji ta gefen baki don kar ta maƙale a maƙogwaro. Ki kuma tsaya ki duba, sun iya ɓoyewa a kumatu su tofar a bayan ƙofa. Ki riƙa auna ta duk sati kina rubutawa.

Maman Toka:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, sai da gabana ya faɗi, don ƙwayar farasitamol ɗin tana hannuna lokacin da nake rubutu. Likita ya yi mata allurar tashin zuciya, ya ce a bar sabon abincin sai sati mai zuwa. Jiya da dare ta cinye rabin faranti na tsohon, a ɗumame. Na kuma yanke gefe ɗaya na kwandon bayan gidanta don ta daina ɗaga ƙafa.

Da nake shara da safe na tsinci ƙwayar hawan jini guda biyu a ƙarƙashin labule. Anti, tawul ɗin ta kai ake fara naɗewa ko ta ƙafafu?