Laftof ta ƙi tashi, sakamakon jarrabawar yara na ciki

Malamin Firamare: Salamu alaikum jama'a. Laftof ɗina HP ta ƙi tashi tun daren jiya. Ina cajinta da janaretan maƙwabci sai na ji ƙauri. Sakamakon jarrabawar yara na zango biyu da hotunan bikin ƙanwata duk suna ciki. Wa zan kai wa?

Ɗan Gumel: Wa alaikumus salam. Allah Ya sawwaƙe, Malam. Kar ka sake jona ta.

Mai Caji: In ƙauri ka ji, galibi bod ne, wato babban allon wutar cikinta, ya ƙone, had-dis, ma'ajiyar fayilolin, yana nan lafiya. A kwance ta a ciro shi, ɗan inci 2.5 ne, a saka a kesin mai USB, a jona a wata kwamfutar. Zai buɗe kamar filash. Akwai kesin ɗin a Beirut Road ko Farm Centre a Kano.

Baban Hafsat: Malam, ko wa za ka kai wa, ka tsaya a kansa, kar ka bari ya ce ka dawo gobe. Ni haka aka yi mini da ta ƙungiyarmu ta manoma. Sunayen waɗanda suka karɓi taki bashi da abin da kowa ya biya duk suna ciki. Yaron ya ciro had-dis ya jona, Windows ta nemi a yi fomat, wato a goge shi, ya danna. Bai tsaya nan ba, ya ɗora sabuwar Windows a kai don ya faranta mini, wai ga kwamfutata ta tashi. Da fomat ɗin kaɗai aka yi, da manhajojin ceto fayiloli irin PhotoRec ko Recuva sun ceto da yawa, kyauta ma suke. Amma an riga an rubuta sabon abu a kan tsohon. Sai da muka bi gida-gida muna tambayar mutane nawa suka biya, har yau akwai waɗanda ba ma ga-maciji da su. Saboda haka in ta ce fomat, a'a. In an ceto fayiloli, a zuba su a wani wurin daban, ba kan wannan had-dis ɗin ba. In kuma ka ji yana ƙas-ƙas, a cire shi nan take, allurar da ke karatu ce ta samu matsala, kowane kunnawa ƙara gurje farantin da fayilolin ke kai yake yi.

Na Hadejia: Na ji ana saka shi a firij ya kwana, sai ya tashi.

Mai Caji: Kar ka jawo wa bawan Allah asara. Danshi zai shige shi.

Ɗan Gumel: Wace firij kuma? Da da wuta ai da bai je wajen janareta ba.

Na Hadejia: Abin da na ji na faɗa, ban ce dole ba.

Ɗalibar Dutse: Malam sabuwa ce ko tsohuwa? Sababbin da yawa SSD ne a ciki maimakon had-dis, siriri, samfurin M.2, kesin ɗinsa daban ne. Kuma in an kulle da BitLocker, makullin Windows, zai nemi mabuɗi mai lambobi 48, a duba asusunka na Microsoft.

Malamin Firamare: Ta hannu ce, ta kai shekara shida a wajena.

Ɗalibar Dutse: To da alama had-dis irin na da ne. In sun fito ka ɗora takardun a Google Drive, 15GB kyauta suke bayarwa. Takardun Word da Excel ba sa cin data, hotuna ne masu nauyi.

Baban Hafsat: Da filash ma, amma ban da irin na bakin tasha. A rubuta 64GB, ka zuba kaya, washegari rabi ba ya buɗewa.

Na Hadejia: Ni dai janaretan nan ne ban yarda da su ba, sola ta fi.

Ɗan Gumel: Batirin sola nawa yanzu?

Malamin Firamare: Na gode ƙwarai. Akwai mai shiga Kano ranar Litinin ya taho mini da kesin ɗin?

Mai Caji: Turo hoton bayan laftof ɗin tukuna, in ga lambar samfurinta.