Bidiyona ya sha suka: in goge shi ne ko in bar shi?

Mai gyaran waya, Kano:
Assalamu alaikum. Ina sana'ar gyaran waya a kasuwar Farm Centre, kuma ban daɗe da fara ɗora bidiyon koyarwa da Hausa a YouTube ba. Makon jiya na saka wanda na nuna yadda ake sauya wajen caji, sai na wayi gari na tarar alamar ƙi ta fi ta so yawa, ga maganganu masu zafi. Wani ya kira ni ɗan koyo mai lalata wa mutane wayoyi, wani kuma ya ce ban cire igiyar batir ba kafin in kai iska mai zafi kan injin wayar. Tun ranar na rasa sukuni, har na rubuta martani sau uku ina gogewa. Shin in goge bidiyon ne, ko in mayar musu da amsa?

Tsohon hannu a sana'a:
Wa'alaikumus salam. Malam, mutane biyun nan ba abu ɗaya suka yi maka ba. Na farko ya zage ka ne kawai, babu abin da za ka ɗauka a maganarsa. Na biyun kuwa gaskiya ya faɗa, domin yin aiki a kan inji alhali batir yana haɗe kan sa wuta ta haɗu ta ƙona wani sashe, kuma batirin lithium ba ya jure zafi, yana iya kumbura ko ya kama da wuta. Ka tuna cewa yara masu koyo suna kallonka, kuma abin da suka gani shi za su yi a kan wayar wani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka gode masa a fili, ka maƙala maganarsa a saman sauran sharhin.

Malama mai koyar da ɗinki:
Ɗan'uwa, adadin da ya hana ka barci kai kaɗai kake ganinsa. Tun watan Nuwamban 2021 YouTube ya daina nuna wa masu kallo yawan alamar ƙi, bisa hujjar cewa ana taruwa a kan ƙananan tashoshi da ita, sai mai tasha ne ke gani a YouTube Studio, wato shafin da yake kula da tasharsa. Mai zagin kuma ana iya ɓoye shi daga tashar ba tare da an tanka masa ba. Ni na taɓa biye wa irinsa, muka kwana biyu muna cacar baki, ɗalibaina suka bar tambayar ɗinki suka koma kallon faɗa.

Ɗalibi daga Zariya:
Ina neman afuwar manya, amma a ganina maƙala sharhi bai wadatar ba, tunda da yawa ba sa karanta shi. Gara a yi sabon bidiyo a nuna daidai, a sauke tsohon.

Mai gyaran waya, Kano:
Na gode muku. Na sake duba bidiyon, lallai a minti na biyu igiyar batir tana haɗe. Na gode wa mutumin, na ɓoye tsohon bidiyon, gobe in Allah ya kai mu zan ɗauki sabo bayan na tashi daga shago.