Daga Alor Setar zuwa Kuala Terengganu, awa nawa ne a jirgi?

Maman Sadik, Pantami:
Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka zauna a Malesiya ku taimake ni. Ɗana yana digiri na biyu a jami'ar UUM, can Sintok kusa da Alor Setar a jihar Kedah, ƙanwarsa kuma tana Kuala Terengganu, mijinta na karatu a jami'ar UniSZA. Ta sauka ranar Lahadi, an samu mace. Haihuwar fari ce, ga ni nan Gombe, ba ta da kowa nata a ƙasar sai yayan nan. Na ce ya je suna a madadinmu, ya ce hanyar da nisa. Da autana ya buɗe mini taswira a waya, tsakanin garuruwan ko tsawon ɗan yatsana bai kai ba, kuma an ce kowanne da filin jirginsa. Mene ne gaskiyar nisan?

Baban Ummi, Tumfure:
Wa alaikumussalam Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya. Na yi shekara huɗu a Sintok. Ta sama nisan wajen kilomita 310 ne, kamar ki je Bauchi ki dawo, jirgi ba zai cika awa guda ba. Sai dai duk zamana ban ga jirgin da ke haɗa su kai tsaye ba. Ƙananan filaye ne, kusan kowa Kuala Lumpur yake nufa. Zai tashi daga Alor Setar ya yi wajen awa ɗaya ya sauka can, ya jira, ya sake yin wata awar. Da jira da fitowa daga Sintok, wuninsa ya tafi. Ki ja masa kunne kan abu ɗaya: Kuala Lumpur filin jirgi biyu gare ta, KLIA da Subang, kuma akwai tafiya mai tsawo a mota tsakaninsu. Na taɓa sayen tikiti biyu ban lura ba, na sauka a wannan, jirgina na can ɗayan, ina ji ina gani kuɗina suka salwanta.

Maman Hafsat, Yelwa, Bauchi:
Yaya Hajiya, yaron nan bai yi miki ƙarya ba. Abin da taswira ba ta nuna miki ba shi ne duwatsun Titiwangsa da suka raba ƙasar gabas da yamma. Mun bi bas ɗin dare ta Gerik da Jeli, awa takwas da ɗoriya, hanya sai kwana-kwana cikin daji, har alamun giwaye ake kafawa a gefen titi. Sanyin cikin bas ɗin kuwa, sai da na lulluɓe Hafsat da mayafina. Amma ya fi jirgi araha nesa ba kusa ba. In jirgin ya zaɓa, filin Sultan Mahmud na Kuala Terengganu yana dab da harabar UniSZA ta Gong Badak, surukinki zai ɗauko shi cikin 'yan mintuna. Ki kuma sani, a jihohin Kedah da Terengganu Juma'a da Asabar ake hutu, Lahadi ranar karatu ce. Ya nemi izinin malaminsa tun yau.

Maman Sadik:
Allah ya saka muku da alheri. Wallahi har na fara jin haushinsa a raina, ashe da gaskiyarsa. Yanzu dare ya yi a can, in na idar da sallar asuba zan kira shi. Kuɗin bas zan tura, ya hau na daren Alhamis ya yi kwana biyu da ita kafin suna.