Shin mai zane zai iya shiga harkar wasannin bidiyo bai iya rubuta manhaja ba?

Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina zane a takarda da kwamfuta, kuma burina shi ne in shiga sana'ar ƙera wasannin bidiyo, sai dai ban iya rubuta manhaja ba. Shin wanda zane kaɗai ya iya yana da rabo a wannan fage?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Tarihin Shigeru Miyamoto, shahararren mai tsara wasannin bidiyo ɗan Japan, ya isa ya kwantar maka da hankali. Tsara kayan masana'antu ya karanta a kwalejin fasaha ta Kanazawa da ke Japan, kuma a matsayin mai zane kamfanin Nintendo ya ɗauke shi a 1977. Da na'urorin wasan Radar Scope suka yi kwantai a Amurka, sai aka ɗora masa alhakin ƙirƙiro wani wasan da za a zuba a cikinsu, ya fito da Donkey Kong a 1981, shi yana tsarawa, injiniyoyi suna rubuta manhajar. Hatta kamannin Mario, jarumin wannan wasan, raunin na'urorin lokacin ne ya haifar da su, domin an sa masa hula ne don a huta da motsa suma, an yi masa gashin baki don fuskarsa ta fito duk da ƙarancin ɗigon hoto.

Malama Mai Manhaja:
Baban Yara, bayaninka gaskiya ne, amma wancan zamani ne da mutum ɗaya kan riƙe aiki uku. A manyan kamfanoni yau, mai zane daban, mai tsara wasa daban. Na farko shi ke fitar da siffar jarumi da muhallinsa, na biyu kuwa shi ke yanke nisan tsalle, da inda abokin gaba zai ɓullo, da yadda wahala za ta riƙa ƙaruwa ba tare da mai wasa ya gundura ba. Idan zanen kake so, ka koyi Blender, manhajar ƙera siffofi a kwamfuta, wadda kyauta ce. Idan tsarawar ce, ba makawa sai ka san ɗan abin da za ka gwada tunaninka da kanka a Godot ko Unity, wato manhajojin da ake ƙera wasa da su.

Mai Alƙalami:
Na gode ƙwarai, Malama. Da wanne kike ganin ya dace in fara?

Malama Mai Manhaja:
Ka fara da ƙera mataki guda ɗaya na wasa da zanenka a Godot, ka ba mutane su buga kana kallo ba ka ce musu komai ba, ka rubuta duk inda suka rikice.