Ba Su Aji, Ba Su Wurin Aiki: Musayar Waƙa

Malamar Ajin Yamma:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 matashi ɗaya cikin kowane biyar masu shekara 15 zuwa 24, wato kimanin miliyan 256, ba ya makaranta, ba ya aiki, ba ya kuma koyon wata sana'a. Tun a 2015 ƙasashen duniya suka yi alkawarin rage yawansu sosai kafin 2020, ga shi wa'adin ya wuce suna nan. Na buɗe da baiti uku, kuma ina roƙon mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ba".

Da sunan Allah nake farawa,
Batun matasa nake tayarwa,
Waɗanda aji ya gaza riƙewa,
Ma'aikata kuma ba ta kira su ba.

Mutane na cewa lalaci ne,
Ni kuwa na ce rashin ƙofa ne,
Duk wanda ya zo ajina shaida ne,
Ban ga guda da ya ƙi ci gaba ba.

Ina tambayar ku, ku ba ni amsa,
Wace ƙofa ce ta fi kusa,
Karatu, sana'a ko hidimar ƙasa,
Ga wanda bai san inda zai dosa ba?

Mai Koyon Aikin Lantarki:

Malama, ba labari aka ba ni ba, domin ni ma ina cikin waɗanda aka ƙirga.

Malama, tambayarki a kaina take,
Shekara uku a ɗaki nake,
Da rana barci, da dare a farke,
Waya a hannu, ban san wace rana ce ba.

Duk takardar neman aiki da na cika,
Sai a ce mini, ina gogewarka?
Wa zai ba ka ita in bai ɗauke ka?
Kacici-kacicin nan ban warware shi ba.

Ranar da shara ta toshe magudana,
Masu aikin sa kai suka zo ƙofar gidana,
Babbansu ya miƙo shebur hannuna,
Bai tambaye ni takardar shaida ba.

Bayan wata biyu ya ba ni makulli,
Na ɗakin kayan gyaran muhalli,
Na tashi da asuba a kan dalili,
Tun ran nan ban ƙara makara ba.

Shi ya tsaya mini gun mai koyarwa,
Yau wayar wuta nake haɗawa,
Da yamma kuma aji nake komawa,
Don ba a taɓa auna wuta da ka ba.

Tsohon Kafinta:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma ina da ja. Lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, gwamnatin Franklin Roosevelt ta ɗauki samari marasa aiki daga 1933 zuwa 1942, kimanin miliyan 3, suna dashen itatuwa da gyaran dazuzzuka, kuma ana biyan kowannensu dala 30 a wata, 25 daga ciki a aika wa iyayensa. A Jamus ma mai koyon sana'a yana raba makonsa tsakanin kamfani da makaranta, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, da yarjejeniya a rubuce da alawus duk wata.

Ɗana, na yaba da riƙon amana,
Amma bari in faɗi ra'ayina,
Aikin sa kai tsani ne a wurina,
Ba a taɓa kwana a kan tsani ba.

Na ga masu gida suna tara yara,
Shekara biyar suna ta shara,
Ba a ba su zarto sun ko fara,
Wannan bauta ce, ba koyarwa ba.

A rubuta wa'adi, a rubuta lada,
A ƙarshe a ba shi takardar shaida,
Wadda ko a wani gari za a yarda,
In ba haka ba, ba mu fitar da shi ba.

Ɗalibar Jinya:

Baba da Yaya, duk baitocinku "shi" suke cewa, alhali rahoton da Malama ta ambata ya nuna cewa biyu cikin kowane uku na matasan nan mata ne.

Baba, gafara, ina da gyara,
Mu aikinmu tun asuba ya fara,
Jinyar tsoho da renon yara,
Amma lissafi bai ƙirga shi ba.

Na bar aji ne da uwata ta kwanta,
Babu mai ɗaga ta, babu mai juya ta,
Shekara huɗu ina gefen gadonta,
Ban bar shi don ƙin karatu ba.

Ajin da ya maido ni na da kulawa,
Ɗakin reno na jikin na koyarwa,
In ajiye 'yata in shiga zanawa,
Da babu shi, da ban iya zuwa ba.

Yanzu jinya nake karantawa,
Abin da hannuna ya daɗe da sabawa,
Littafi ne yake ta fassarawa,
Har yau malamai ba su ga na fāɗi ba.

Malamar Ajin Yamma:

'Yata, kin yi gaskiya, ni ma da "su" na fake ban bambance ba. Akwai kuma batun lokaci, domin idan zama ya yi tsawo komawa kan yi wuya, shi ya sa Tarayyar Turai ta amince a 2013 cewa a samar wa matashi aiki, karatu ko horo cikin wata huɗu da barinsa makaranta ko rasa aikinsa. Sai dai tambayata ta koma kan ɗana mai lantarki.

Maganar Baba ta dame ni,
Ɗana, ina so ka amsa mini,
Koyon naka na da wa'adi da ma'auni,
Ko kuwa ba a rubuta komai ba?

Mai Koyon Aikin Lantarki:

Malama, da baki muka yi magana,
Wata tara ke nan da fara koyona,
Gobe zan je tare da jagorana,
Ni kaɗai ba zan iya tayar da zancen ba.