Kirem ya narke, gato mai hawa uku ya zame: ina na kuskure?

Maman Ƴan Biyu, Yantala, Yamai (Talata da safe)

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka san hannun gato, wato kek, don jiya na sha kunya a kicin ɗina. Allah ya rufa asiri, ba kowa sai ni da yara.

Matar ƙanena ta haihu ranar Asabar, suna sai Asabar mai zuwa. Ni kuma da bakina na ce kada wanda ya sayi gato, ni zan yi mai hawa uku. Gaton shan shayi na saba da shi, wanda ake auna ƙwai, sukari, bota da fulawa daidai wa daida, bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Amma jerawa da kirem ban taɓa yi ba, shi ya sa na ce bari in gwada tun Litinin.

Ga yadda na yi. Kwaɓi uku, kowanne ƙwai 4, sukari giram 200, fulawa giram 200, margarin giram 200 da rabin ƙaramin fakiti na lebir (hodar da ke sa kwaɓi ya tashi), a mul, wato kwanon gashi, mai faɗin santimita 20. Fur ɗina, wato murhun gashi, na gas ne, lambobinsa sun goge tuntuni, da ido nake aiki. Duka ukun sun gasu, sai dai kowanne ya fito da tozo a tsakiya kamar na raƙumi. Kirem kuma: margarin ta roba giram 250, sukari rabin kilo da na niƙa a injin markaɗe, don ban samu sukar gilas (sukari mai laushi kamar hoda) a butikin unguwa ba, da banil. Da na ga ya yi tauri sai na zuba masa madara mai sanyi, kusan rabin kofin shayi. Nan take ya tsinke, ya yi guda-guda kamar nonon da ya kwana. Na ci gaba da bugawa, ya koma ruwa. A haka na daure na shafa, wajen ƙarfe uku na rana. Kafin in ɗora na uku, na biyun ya fara tafiya gabas. Ɓurɓushin gato ya cakuɗe da kirem, kuma in ka sa a baki sukari yana ƙaras-ƙaras kamar yashi. Ƴan biyu dai sun cinye abinsu da cokali, sun ce ya yi daɗi, amma su ko tuwon jiya aka sa wa sukari haka za su ce.

Kusan jika bakwai na kashe a gwajin nan. Sau ɗaya kawai zan iya sake gwadawa kafin Asabar. Me zan gyara? Kuma daga Yantala zuwa unguwar Talaje zan kai shi, cikin wannan zafi na Afrilu.

Hajiya Mai Gato, Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Barka da arziki, Allah ya raya.

Tambaya guda zan yi miki tukuna: minti nawa gaton ya yi da fitowa daga wuta kafin ki shafa mishi kirem? Ba ki faɗi ba, kuma na san dalili. Duk wadda ta fara gashi da hantsi ta yi shafe ƙarfe uku, to gatonta da sauran ɗumi a ciki ko da bayanshi ya huce. Mai kuwa ba ya zama bisa abu mai ɗumi.

Shekara goma sha shida ina wanga aiki, na fara tun ina gashi cikin tukunya da rairayi bisa gawayi. Abin da zafin Tawa ya koya mini shi ne gato mai hawa aikin kwana biyu ne. Ki gasa ran Alhamis da dare ko Juma'a da safe. In sun huce sarai, ki naɗe kowane cikin leda ki sa firigo ya kwana. Gato mai sanyi ba ya marmashewa in an sa mishi wuƙa. Tozon nan ki yanke shi da doguwar wuƙar burodi har saman ya kwanta, ki ba ƴan biyu rabonsu. Ba a ɗora tudu bisa tudu a ce ya tsaya. Na sama kuma ki kifa shi, gindinshi ya koma sama, don gindin shi ne mai santsi.

Shafe kuwa ni ban yi sai bayan asuba, ko can sha ɗayan dare in garin ya sarara. Ƙarfe uku na rana a bazara ko mai na'urar sanyaya ɗaki yana shakkar ta. Ki samu babban kwano ki zuba ƙanƙara ta dala ashirin, ki ɗora kwanon kirem a kai duk lokacin da kika ga ya fara sheƙi.

Maganar tafiya: wata shekara munka ɗauki gaton amarya daga nan zuwa Ƙonni, ban soke shi ba. Da munka isa anka buɗe kwali, hawa na sama yana jingine da bango kamar mai jiran mota. Tun ranar nan ba ni fidda mai hawa sai na soka tsinken tsire sabo guda uku daga sama har ƙasa, in yanke kawunansu, in rufe ramin da kirem. Ki faɗa ma mai yanka akwai tsinke ciki. A mota kuma ki aje shi a ƙasa inda ake sa ƙafa, ba bisa kujera ba, kujera a karkace take. Kada ki yarda a ɗora miki shi bisa babur.

Ɗan Bukoki

Sannu Hajiya, kin gama magana a kan gaton. Ni kuma bari in taɓa kirem ɗin, don na yi shekara uku ina aiki a wani gidan gato a unguwar Filato kafin in koma karatu.

Yaya, laifi uku ne suka haɗu a kwano ɗaya.

Na farko margarin ta roba. An yi ta ne don a shafa wa burodi tana fitowa daga firigo, shi ya sa take da taushi, kuma da yawa daga cikinsu ruwa ya yi musu yawa. Ki juya robar ki karanta: wata za ki ga mai kashi 60 cikin 100 ne, wata ma ƙasa da haka. Botar gaskiya mai dunƙule kashi 82 ce. Ita ma tana da nata hali, tana narkewa tsakanin digiri 32 zuwa 35, alhali ranar Yamai a watan nan tana haura 40. Inda take buguwa da kyau shi ne wajen digiri 18 zuwa 20, wato in kin danna yatsa ya shiga amma bai fito da maiƙo ba. A Faransa sai su fitar da bota awa guda kafin aiki. Mu nan minti goma ya isa, in kin yanka ta ƙanana. A wurin aikinmu a bazara rabi da rabi muke yi, bota da margarin mai dunƙule ta masu gashi, wadda ake naɗewa a takarda. Ɗanɗano ya ɗan ragu, amma tana jure zafi fiye da bota zalla.

Na biyu madarar. Kirem irin wannan mai ne ya riƙe ɗigon ruwa a cikinsa, kuma akwai iyakar abin da zai iya riƙewa. Rabin kofi a tashi ɗaya, ga shi da sanyi, dole ya tsinke. Cokali ɗaya ake zubawa, a buga, a duba. Ga giram 250 na mai da wuya ki wuce cokali biyu ko uku na cin abinci. In ya sake tsinkewa kada ki zubar. Ki duba kamarsa: in ya yi ruwa yana sheƙi, zafi ne, ki sa shi firigo minti 15 zuwa 20 ki sake bugawa. In ya yi guda-guda da tauri, sanyi ne ya yi masa yawa, ki ɗebi cokali biyu ki narkar, ki mayar ciki, ki buga. Sau da yawa yana ƙara muni kafin ya haɗe, a nan ne mutane ke karaya.

Na uku sukarin. Sukari ba ya narkewa a cikin mai, sai a ruwa. Duk ƙwayar da injin markaɗe ya bari, haka za ki same ta a baki ko kin kwana kina bugu. Sukar gilas ta kanti an niƙa ta kamar hoda, an kuma sa mata ɗan sitaci, wajen kashi 3 cikin 100, don kada ta dunƙule. Ki leƙa wajen masu kayan gato a Babbar Kasuwa ko manyan kantunan Filato. In dole sai kin niƙa, ki niƙa kaɗan-kaɗan, ki tankaɗe da rariya mafi laushi sau biyu, abin da ya tsaya ki mayar injin.

Wajen jerawa: ki zagaye bakin hawa na farko da kirem mai ɗan tauri kamar katanga, ki cika tsakiyar, kada kaurin ya wuce rabin santimita. Kirem mai yawa a tsakiya shi ne santsin da ke sa hawa ya zame. In kin jera ukun, ki shafa masa siririn kirem ko'ina, har ana hango gaton ta ciki. Wannan shi ke kama ɓurɓushi. Firigo minti 30, sannan shafe na biyu, na ado.

Tozon kuma wuta ce ta yi yawa: gefe ya riga ya ƙame, tsakiya na ci gaba da tashi. Digiri 160 zuwa 170 ya ishe shi. Tunda lambobinki sun goge, ki rage harshen wutar, ki ƙara masa minti goma.

Da ni ne da kuɗi a hannu, da shokola zan rufe shi: baƙar shokola giram 400, kirem mai ruwa na kwali mililita 200, a tafasa kirem a zuba a kai, a bari ya yi kauri. Ya fi kirem na bota tsayawa a zafi. Amma tsadarsa ba ta wasa ba ce.

Inna ta Harobanda

Ku yi haƙuri in sa baki. Duk wannan aune-aune na digiri ya yi, amma yarinyar nan ta ce jika bakwai ta riga ta tafi, kuna kuma aika ta kantin Filato.

Akwai kirem da ba ya bukatar sukar gilas ko kaɗan. Madara kofi ɗaya, wato mililita 250, sukarin shayi na kullum giram 200, fulawa giram 40. Ki dama su a tukunya tun da sanyi, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har ya yi kauri kamar kunun da ya ji gari, ya tafasa minti ɗaya ko biyu don gārin ya nuna. Ki juye a faranti, ki manna leda a kansa don kada ya yi fata, ki bar shi ya huce sarai. Sai ki buga botarki giram 225 har ta yi fari, ki riƙa zuba damun nan cokali-cokali. Sukarin ya riga ya narke a wuta, ba sauran yashi. Zaƙinsa ma bai kai na wancan ba, tsofaffin da za su zo suna za su iya ci.

Sai dai da madara a ciki, ba a barin sa a rumfa tun safe. A zafi irin wannan, awa guda a waje ya isa. Ki bar shi a firigon maƙwabta sai an zo yankawa.

Kuma kada wata ta ce miki ki sa man shanu na Fulani don ya fi araha. Na gwada. Wanda aka soya ba ya buguwa, ɗanyen kuma ƙanshinsa na tuwo da miyar kuka ne.

Hajiya Mai Gato, Tawa

Na Inna gaskiya ne, ina yin shi. Amma damun ya huce ƙwarai, in da ɗumi ko kaɗan kin koma gidan jiya. Kuma ki tanadi ƙanƙara cikin kula tun da yamma, ba a dogara ga wuta a bazara.

Maman Ƴan Biyu, Yantala (Alhamis da dare)

Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, kin kama ni: minti arba'in kacal gaton ya yi a waje ranar nan. Na duba robar margarin ɗin ma, Ɗan Bukoki, kashi 60 aka rubuta.

Na sake gwaji, amma ƙarami, hawa biyu da rabin awo. Na gasa jiya da dare a wuta kaɗan, tozon ya ragu sosai, ɗan abin da na yanke bai cika tafin hannu ba. Yau bayan asuba na yi kirem ɗin Inna, rabi bota rabi margarin mai dunƙule. Wajen cokali na biyar ya fara guda-guda, gabana ya faɗi, sai na tuna an ce yana muni kafin ya haɗe. Na ci gaba, bai fi minti uku ba ya koma sumul. Ba yashi ko kaɗan. Na yi siririn shafe, na sa firigo, wuta ta ɗauke bayan minti goma, na ƙi buɗe ƙofar har ta dawo. Ya tsaya dai. Da rana na fitar da shi na ajiye a falo don in gani: minti hamsin ya yi kafin gefen da ke kallon taga ya fara sheƙi.

Gefensa bai yi santsi irin na hoto ba, da wuƙar tebur nake shafawa, duk sawunta ya fito. Na yanke shawarar in rufe gefen da soyayyar gyaɗa dakakkiya, in bar saman fari. Mijin ƙanwata zai zo da mota ƙarfe shida na safe ran Asabar, kuma na yi magana da maƙwabciyar mai jego ta ba ni wuri a firigonta.

Saura abu ɗaya. Uwar mijin mai jego ta ce lallai a rubuta sunan jaririya a kai, ni kuma ba za a faɗa mini sunan ba sai an raɗa shi da safe. Inna, in na ɗebi ɗan kirem ɗin nan na sa masa garin koko, na tafi da shi a kula cikin leda, zai yi rubutu a can, ko sai na sake buga shi?