Neman shawara: zan iya canza birkin gaban Corolla da kaina a gida?

Mai Corolla, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Corolla ƙirar 2006 nake hawa. Kwanan nan idan na taka birki sai in ji ƙarar ƙarfe daga tayar gaba ta hagu, idan kuma ina cikin gudu a titin Zariya na taka, sitiyari ya riƙa karkarwa a hannuna. Na cire tayar na leƙa: fad (ɓallin da ke matse faifan birki) ɗin ciki ya cinye ya kusa kai wa ƙarfe, na waje kuwa da sauran namansa. Fuskar dis ɗin, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, duk zane, har farce na maƙalewa. Ina da jak da saitin sifana, kuma ina son in yi aikin da hannuna, don da motar nan nake kai yara makaranta. Fad kaɗai zan canza ko har da dis? Gefen hagun kaɗai ya isa?

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin ba ya fi ƙarfinka ba ne, amma ka tsaya kan abin da ka faɗa da bakinka: na ciki ya ƙare, na waje bai ƙare ba. Nan ciwon yake. Kalifa, wato maƙatar da ke matse fad a jikin dis, tana zamewa ne a kan fil guda biyu masu rigar roba. Idan ƙura da ruwa suka shiga, giris ya bushe, sai fil ya cije, fistin da ke cikin kalifar ya yi ta matsa fad ɗin ciki shi kaɗai. Ka sa sabo ba ka gyara wannan ba, kafin wata 'yan watanni ka dawo mana da tambaya iri ɗaya.

Ka kwance ƙusoshi biyu na bayan kalifa da sifana 14, ka ɗaga ta ka ɗaure da waya a jikin sifirin. Kada ka yarda ta yi reto a kan tiyon man birki, tiyon nan yana lalacewa ta ciki ido bai gani ba. Sai ka zaro fil ɗin da yatsa. Lafiyayye yana fitowa sumul, wanda ya cije sai ka murɗa da filaya, za ka gan shi da tsatsa da busasshen giris baƙi. Ka goge shi tas, ka shafa masa giris na silikon. Ban da baƙin giris na gama-gari, yana kumbura robar. Idan robar ta yage, ka sayo wata.

Kuma gaba biyun ake yi tare, fad da dis. Ka yi gefe ɗaya, mota ta riƙa fizgar ka gefe duk lokacin da ka taka.

Direban Kaduna: Ni dai a ganina ba sai ka sayi sabon dis ba. A Panteka akwai masu injin da ke goge fuskarsa ta koma santsi, kuma kuɗin bai kai na sabo ba. Na san ba za a rasa irinsu a Kano ba.

Tsohon bakanike: Ana yi, Alhaji, amma sai an auna. A jikin kowane dis an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, a gefensa ko a tsakiya. Idan bayan gugar zai faɗi ƙasa da wannan lamba, a jefar da shi. Siririn dis saurin ɗaukar zafi gare shi, karkarwar nan ta dawo. Wanda ya yi zane har farce na kamawa, ni sabo zan ce.

Maman Yara: Don Allah ɗan uwa, kada ka dogara da jak kaɗai. Ka samo ƙafar ƙarfen da ake dafa mota a kai, ka yi aikin a kan siminti, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin motar. Bulo kuwa fashewa yake yi ba sallama. Yara ma a hana su zuwa wurin.

Mai kayan mota, Ƙofar Ruwa: Ka zo da tsohon fad a hannu a gwada, don Corolla ta Amurka da ta Turai ba lallai kayansu su zo ɗaya ba. Fad na Beljiyam kada ka saya, an riga an ci rabinsa. Sabon dis yana zuwa da maiƙon hana tsatsa, ka wanke shi da feshin wanke birki kafin ka ɗaura. Idan tsohon dis ya ƙi fita bayan ka kwance mariƙin kalifa da sifana 17, duba fuskarsa, akwai ƙananan ramuka biyu masu zare. Ka ɗaura ƙusa mai zare, girman M8, a ciki a hankali, zai ɓalle da kansa. Ka kankare tsatsar da ke wurin zamansa da burushin waya, in ba haka ba sabon ma zai zauna a karkace.

Tsohon bakanike: Sauran biyu. Lokacin da za ka mayar da fistin ciki, ka ɗora tsohon fad a kansa ka matse a hankali, kana duba kofin man birki kada ya yi ambaliya, man yana cin fenti. In za ka ƙara, man birki samfurin DOT 3 ne, yana rubuce a murfin. Idan fistin ya ƙi komawa ko ka ga mai na tsatsafowa, ka dakata ka kira bakanike. Bayan ka gama, kafin motar ta motsa, ka yi ta taka birki har ya yi tauri, don takun farko ƙasa zai tafi. Sannan ka gwada a layin da babu mutane, ka guji birki mai ƙarfi a kwanakin farko.

Mai Corolla, Kano: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na sake dubawa yanzu, robar fil na ƙasa a yage take. Gobe zan shiga Ƙofar Ruwa da tsohon fad ɗin, in haɗo da robar da giris, ƙafar ƙarfe kuma maƙwabcina ya ce zai ara mini guda biyu.